Tudun Wada wacce? Yadda ake raba sunaye iri ɗaya kafin a tura kaya ko kuɗi

Sabon Ɗan Aike:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina shirin buɗe ƙaramin shago a nan Kaduna na karɓar aike: mutum ya kawo kayansa, mu ɗaure, mu kai tasha, ko kuma ya turo kuɗi mu yi masa sayayya a kasuwa mu tura masa garinsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunaye. Unguwa ɗaya sai ka ji sunanta a gari uku, mutum biyar a layi ɗaya duk Muhammad Sani, kaya kuma a kira su da suna ɗaya alhali iri-iri ne. Ina roƙon iyayenmu da yayyenmu da suka san harkar su taimaka da abu biyu: waɗanne sunaye ne suka fi rikita mutane a Kaduna da kewaye, kuma me ya kamata a rubuta a jikin kaya da littafin shago don kada saƙon wani ya faɗa hannun takwaransa? Allah ya saka da alheri.

Malamin Tasha:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi tambaya tun kafin ka buɗe ƙofa, kuma haka ya dace. Zan ɗauki ɓangaren wurare.

Fara da Tudun Wada da Sabon Gari, domin su ne suka fi ɓatar da kaya. Akwai Tudun Wadan Kaduna a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, inda Kasuwar Barci da asibitin Yusuf Ɗantsoho da babban reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suke. Akwai Tudun Wadan Zariya. A jihar Kano akwai guda biyu: unguwar da ke cikin birni, da kuma ƙaramar hukuma sukutum, wato Tudun Wadan Ɗankadai, can kudancin jihar. Jos da Gusau kowanne yana da tasa. Sabon Gari kuwa, a Zariya ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, dabam da ƙaramar hukumar Zariya. A Kano babbar unguwa ce da kasuwarta. A nan Kaduna ma akwai Sabon Gari a jikin Tudun Wada. Dalilin maimaituwar tsari ne na zamanin Turawa: baƙin da suka zo daga kudu a zaunar da su Sabon Gari, 'yan Arewa da ba 'yan asalin garin ba a ba su Tudun Wada. Saboda haka duk babban garin da ya bunƙasa a lokacin kana iya samun sunayen nan biyu. Kada kuma ka haɗa Sabon Gari da Sabon Tasha. Sabon Tasha tana ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar Kaciya, amma mutane da yawa "Sabo" kawai suke cewa ga dukansu, kuma daga nan ake samun matsala.

Sai Nasarawa. Jiha ce da aka ƙirƙira a 1996 mai hedikwata a Lafiya, a cikinta akwai garin Nasarawa da ƙaramar hukumarsa, a Kano ƙaramar hukuma ce a tsakiyar birni, a Kaduna kuma unguwa ce kusa da Kakuri da Tirkaniya. Kawo akwai ta Kaduna, akwai ta Kano. Jere akwai ta kan hanyar Abuja a ƙaramar hukumar Kagarko, akwai ƙaramar hukumar Jere a Borno da ta rungume Maiduguri. Lere tamu hedikwatarta Saminaka, amma akwai wata Lere a jihar Bauci. Samaru uku ce da aka fi sani: ta Zariya inda Jami'ar Ahmadu Bello take, Samarun Kataf a kudancin jihar, da Samarun Gusau. Abin da ke ƙara dagula ta Zariya da ta Kataf shi ne kowacce tana da makarantar koyon aikin gona, don haka "ɗalibi ne a makarantar noma ta Samaru" bai raba gardama ba.

Zango ma haka. Mahauci a Kaduna in ya ce Zango, kasuwar shanu ta Tudun Wada yake nufi. Mutumin Igabi yana iya nufin Zangon Aya, mutumin Samaru yana nufin Zangon Shanu, mutumin kudu Zangon Kataf, Bakatsine kuma Zangon Daura. Mararraba kuwa ba suna ba ne sai an ɗaura mata wutsiya: Mararrabar Jos tana kan hanyar Zariya, inda titin Pambeguwa da Saminaka ya ɓalle, Mararrabar Rido tana kan hanyar Kaciya, ita kuma wadda 'yan Abuja ke kira Mararraba kawai tana jihar Nasarawa.

A cikin garin Kaduna kansa akwai tarkon da baƙo ba ya gani. Kabala ba ɗaya ba ce: akwai Kabala Costain a Kaduna ta Arewa kusa da kogi, akwai Kabala West a wajen titin baifas. Panteka biyu ce, tsohuwa da sabuwa. Makarantar horar da hafsoshin soja tana da tsohon mazauni a cikin gari da na dindindin a Afaka. Tashar jirgin ƙasa mai zuwa Abuja, wadda aka buɗe a 2016, tana Rigasa, ba tsohuwar tasha ba ce. In an ce "Poli", wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, tambayi wane reshe, domin ban da Tudun Wada akwai na Unguwar Rimi da na Barnawa. "Hayi" shi kaɗai ba adireshi ba ne: Hayin Banki, Hayin Rigasa, Hayin Ɗanmani duk wurare ne dabam-dabam. Sannan titunan tsakiyar gari da aka raɗa wa sunayen garuruwa, irin su Kano Road da Katsina Road da Lagos Street. Mai shago a Kano Road yana gefen kasuwar Abubakar Gumi ne, ba a kan babbar hanyar zuwa Kano ba. A Zariya kuma asibitin koyarwa yana Shika, amma akwai tsohon wurinsa a Tudun Wada, to mai jinya ya faɗa maka wanne yake.

Yanzu abin da za ka rubuta. Kada ka karɓi kaya sai layuka biyar sun cika, a jere daga babba zuwa ƙarami:

1. Jiha.
2. Ƙaramar hukuma. Jihar Kaduna tana da 23, ka manna jerinsu a bango.
3. Gari, sannan unguwa da cikakken sunanta har wutsiya.
4. Layi da lambar gida in akwai, da alama guda da ba ta motsi: masallacin Juma'a, makarantar firamare, gidan mai. Mai shayi da mai faci ba alama ba ne, gobe sun tashi.
5. Tashar da za a sauke kayan da lambar waya biyu na mai karɓa.

Ka rubuta da maka mai kauri a ɓangare biyu na kwali, ba a saman murfi kaɗai ba, domin in an ɗora wani kaya a kai rubutun ya ɓuya. Buhu kuma a rubuta a jikinsa, kada a dogara da takardar da aka maƙala da salatif, zafi da ƙura suna ɓamɓare ta. Ka sa kwafin adireshin a cikin kayan. Bayan an loda, ka rubuta lambar mota da lambar direba a littafi, ka ɗauki hoton kayan a cikin but, ka tura wa mai karɓa.

Tashar da ka nufa ma tana tona kuskure. Kayan Zariya da Kano da Katsina galibi Kawo ake kai su, na Kaciya da Kafanchan Television Garage, na Birnin Gwari Mando. In adireshi ya ce Samaru amma mai kaya ya ce a kai Television Garage, to Samarun Kataf yake nufi. In bakinsa da takardarsa suka saɓa, ka ajiye kayan ka kira mai karɓa kafin ka biya kuɗin mota.

Mai Rajista a Kafe:

Baba Malamin Tasha ya gama da wurare, Allah ya ƙara girma. Ni zan yi magana a kan mutane, domin a nan ne asarar kuɗi take.

Ɗan'uwa, ka fara gane dalilin da ya sa takwarori suka yi mana yawa. Sunayen yanka da muke juyawa kaɗan ne, kuma gida ɗaya ana iya sa wa 'ya'ya maza da yawa Muhammad, a bambanta su da lissafi: Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, har zuwa Ashiru na goma. Saboda haka "Muhammad Sani" a takarda yana iya zama sunan mutum ɗaya, yana iya zama Muhammad ɗan Sani. Ga kuma alkunya: yaron da aka mayar wa sunan kakansa ba a kiran sunan, sai a ce Abba ko Baba ko Halifa, yarinya a ce Ummi ko Walida ko Nana. Unguwa duka ta san shi da Abba, katinsa kuma yana cewa Ibrahim. Sannan kowane babban suna yana da inkiyarsa: Abubakar shi ne Garba da Habu da Sadiƙ, Usman shi ne Shehu, Umar shi ne Faruƙ da Sanda, Aliyu shi ne Haidar, Fatima ita ce Binta, A'isha ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu, Hadiza ita ce Dije. Ƙara da sunayen rana, Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Bala da Laraba, Ɗanlami da Lami, Asabe da Talatu, waɗanda wani a katinsa suke, wani kuma a bakin mutane kawai.

Don haka littafinka ya zama yana da gurbi biyu na suna: sunan da ke kan kati, guda uku a jere kamar yadda aka rubuta, da sunan da ake kiran mutum da shi a unguwa. Na farko don banki da karɓar kaya, na biyu don ɗan acaɓa ko mai keke da zai yi tambaya a bakin layi. Matar aure kuma ka ƙara sunan maigidan, saboda yaran layi gidan suka sani, ba sunanta ba.

Rubutun boko ma yana raba suna ɗaya gida-gida. Muhammad, Mohammed, Muhammed, Muhammadu. Abdullahi da Abdullah. Aisha da Aishatu. Yusuf da Yusuff. A wurinmu duk ɗaya ne, amma kwamfuta harafi take dubawa. Kada ka gyara wa mutum rubutun sunansa da tunaninka, ka kwafa daga katin harafi bayan harafi.

Abin da ba ya da takwara shi ne lamba. NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, lamba 11 ce, BVN, wato lambar tantancewa ta banki, ita ma 11, lambar asusun banki 10. Mai layi yana iya duba NIN ɗinsa da *346#, BVN kuma da *565*0#, daga layin da ya yi rajista da shi. Amma kai ba ka buƙatar BVN ɗin kowa, kada ma ka tambaya, kuma kada ka ajiye hoton katin mutane a wayarka ba dalili. Ganin kati da ido lokacin miƙa kaya ya isa.

Wajen tura kuɗi ga yadda ake yi. Lambar asusu da sunan banki su zo a rubuce, ba a karanta maka ta waya ba. Ka zaɓi bankin da kyau, domin lamba goma iri ɗaya tana iya fitowa da sunan wani mutum dabam a wani banki, musamman yanzu da bankunan waya ke mayar da lambar wayar mutum lambar asusu bayan an cire sifilin farko. Mutum ɗaya ma yana iya samun lamba ɗaya a wurare biyu. In suna ya fito a allo, ka karanta duka ukun, ba na farko kaɗai ba. In kuɗin masu yawa ne kuma karon farko ne, tura naira 100 tukuna, ka kira mai asusun ya tabbatar ta shiga, sannan ka tura sauran. A gurbin bayani ka sa lambar rasit ɗin shagonka. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne kuɗin da suka shiga asusun takwara ba sa dawowa da danna maɓalli. Sai ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, su tuntuɓi ɗaya bankin, kuma sau da yawa sai wanda kuɗin suka shiga wurinsa ya amince, in ya ƙi sai da umarnin kotu.

In kuɗi ne ke shigo maka, matsalar ta juya: mutum biyu masu suna Aisha Abubakar sun turo kuɗi rana ɗaya, ba ka san wace ce mai wane kaya ba. Maganinsa ka ba kowane ciniki lamba tun farko, mai turowa ya sa ta a bayani, kuma ka duba shigar kuɗin a asusunka, ba hoton rasit da aka turo maka ta WhatsApp ba.

Wajen miƙa kaya, kada suna ya wadatar. Ka ba mai aikowa lamba huɗu ta sirri ya faɗa wa mai karɓa. Wanda ya zo ya ce shi ne Sani, ya faɗi lambar, sannan a kira wayar da ke jikin kwalin a ji ta yi ƙara a hannunsa. In ɗan aike aka turo, a kira mai kayan a gabansa.

Ga ɗalibai da za su riƙa aiko takardu ta shagonka, ka ja hankalinsu cewa jerin sunayen da ke kan NIN shi JAMB ke ɗauka. In sakamakon jarrabawar sakandare ya ce Sani Muhammad Bello, NIN ya ce Muhammad Sani kawai, za a sha wahala wajen tantancewa. Gyaran yana bi ta takardar rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida in canjin suna ne, sannan a nemi gyara a hukumar katin ɗan ƙasa. A fara da wuri, ba ranar da za a rufe rajista ba.

Dillalin Hatsi:

Tunda za ka riƙa yi wa mutane sayayya, ɗana, kaya ma suna da takwarori, kuma asararsu a kanka za ta faɗo domin kai ka biya kuɗi a kasuwa.

In an ce citta, tambayi mai yatsu ko mai ƙwaya. Mai yatsu ita ce ta Kaciya da Jaba da Kagarko, kuma ita ma akwai ɗanya, akwai busasshiya tsagaggiya, farashinsu da nauyinsu ba ɗaya ba. Dankali: na Hausa ko na Turawa. Dawa: kaura mai launin rawaya ko farfara. Wake: fari, ja, ko waken suya, wanda shi ba ma dangin girki ɗaya ba ne da sauran. Shinkafa: shanshera mai ɓawo, ko 'yar Hausa da aka gyara, ko ta kamfani. Masara fara ko ja. Masu kaji da yawa ja suke so, mai tuwo kuma fara. Man gyaɗa a bakin mutane ya zama sunan duk wani farin mai, har na waken suya da na kamfani, saboda haka in na ƙuli zalla ake so a rubuta haka. Gas kuwa, mai janareto da direban babbar mota man dizal suke nufi, uwargida kuma na girki.

Taki ya fi kowanne haɗari, domin kuskurensa sai bayan wata guda ake gani a gona. "Takin zamani" suna ne na gida guda: akwai kamfa, wato NPK, shi ma akwai 15-15-15 akwai 20-10-10, akwai yuriya mai sinadarin naitirojin kashi 46, akwai sufa. Manomin da zai yi zubin farko da wanda zai yi na biyu ba abu ɗaya suke nema ba. A rubuta lambobin da ke jikin buhu, ba launin buhun ba.

Sai awo. Buhu ba nauyi ba ne. Na siminti da na taki kilo 50 ne, na shinkafar kamfani akwai 50 akwai 25, na masara a kasuwar hatsi ana lissafa shi wajen kilo 100, kimanin tiya 40. Amma tiya da mudu da kwano suna canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma akwai awo mai tozo akwai shafaffe. Wanda yake Legas ya ce a auno masa kwano goma, kwanon da ke ransa ba lallai ne ya zama na Kawo ba. Ka sayi sikeli mai rataya, ka yi ciniki da kilo, ka ɗauki hoton allurar sikelin. Jarka ma akwai mai lita 25 akwai mai 20.

Shi kwano ma kansa, a wurin magini na rufi ne. Na gargajiya da bandir ake sayar da shi, falle 20 a bandir. Na alminiyom dogo kuma da mita ake aunawa, kuma kaurinsa ya bambanta, akwai 0.45 akwai 0.55. Rodi a faɗi milimita, 10 ko 12 ko 16. Bulo a faɗi inci 6 ko inci 9. Atamfa turmi ɗaya yadi 6 ne, amma zane iri ɗaya yana fitowa a daraja daban-daban, to a turo hoton bakin zanen inda aka buga sunan kamfani.

Dokar da zan ba ka ita ce, kowane kaya a rubuta shi da abu huɗu: suna, iri, awo, adadi. Ka karanta wa mai saye, ya amsa a rubuce cewa haka ne, sannan ka shiga kasuwa.

Sabon Ɗan Aike:

Na gode ƙwarai, iyayena. Na fara zana littafin da gurabun da kuka faɗa. Baba Dillali ya ambaci kaura a dawa, sai na tuna akwai Kaura da Kauru a jerin ƙananan hukumomi. Waje ɗaya suke? Kuma wasu dattawa takardunsu na cewa "Funtuwa, jihar Kaduna". Kuskure ne in gyara, ko in bar shi?

Tsohuwar Malamar Tarihi:

Ɗana, ba waje ɗaya suke ba, kuma harafi ɗaya ne tsakaninsu, shi ya sa rubutun hannu mai gaggawa yake haɗa su. Kaura tana can kudu, ƙasar Kagoro da Manchok, ana bi ta Kaciya da Zonkwa ko ta Kafanchan. Kauru tana maƙwabtaka da Lere, ta hanyar Pambeguwa ake nufarta. Ka rubuta su da manyan baƙaƙe, ka ƙara sunan garin da za a sauke kayan. Ban da su akwai Kauran Namoda a Zamfara, akwai unguwar Kaura a cikin birnin Zariya, akwai Ƙofar Kaura a Katsina, kuma Kaura sarauta ce, kamar Kauran Katsina. Haka Kagarko tamu da Kagara ta jihar Neja, su ma ana rikita su a waya.

Takardun dattawan nan kuwa daidai suke, kada ka taɓa. A 1967 aka kafa jihar Arewa ta Tsakiya, ta haɗa lardin Zazzau da na Katsina. A 1976 aka sauya mata suna zuwa jihar Kaduna, kuma Katsina ba ta fita ba sai a watan Satumba na 1987. Duk takardar haihuwa ko ta makaranta da aka bayar a Funtuwa ko Daura ko Malumfashi tsakanin 1976 da 1987 za ta ce jihar Kaduna. A takarda ka bar abin da aka rubuta, a jikin kwali kuma ka sa jihar Katsina. Irin wannan ne ya faru da Abuja: garin da ake kira Suleja yau shi ne Abuja na asali, da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin ƙasa sai garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tsohuwar takarda mai cewa an haifi mutum a Abuja a shekarun 1960 Suleja take nufi. Sarkin can ma Sarkin Zazzau ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Haɓe ne da suka baro Zariya a zamanin jihadi, don haka wasiƙar fada sai an rubuta Zariya ko Suleja ƙarara.

Tunda shagonka zai riƙa kai takardu ofisoshi da makarantu, ka san cewa sunan babban mutum ɗaya yana kan gine-gine da yawa. Ahmadu Bello suna ne na jami'a a Zariya, na filin wasa a Kaduna, da na babban titi a Kaduna da Abuja da Legas. Kashim Ibrahim gidan gwamnati ne a Kaduna, ɗakin karatu ne a jami'ar Zariya, kwalejin ilimi ce a Maiduguri. Hassan Usman Katsina yana kan gidan gwamnati na Kawo da kuma wurin shaƙatawa na Gamji. Murtala dandali ne a Kaduna, asibiti a Kano, filin jirgin sama a Legas. Sardauna sarauta ce, titi ne da kwaleji a Kaduna, kuma ƙaramar hukuma ce a Taraba. Kada ka yarda da sunan mutum kaɗai a ambulan, sai an faɗi ko mene ne wurin da garin da yake.

Dalilin da ya sa sunan gari da na mutum suke cakuɗewa shi ne al'adar makarantun boko na da, inda yaro yake ɗaukar sunan garinsu a matsayin suna na biyu. Daga nan aka sami Shagari da Makarfi da Tafawa Ɓalewa a matsayin sunayen mutane. Rimi ya fi kowanne nuna wannan. Itace ne, gari ne kuma ƙaramar hukuma a Katsina, ƙauye ne a Sumaila ta Kano, kasuwa ce a birnin Kano, unguwa ce da kwaleji a Kaduna. Gwamnoni biyu sun ɗauki sunan a lokaci guda: Abubakar Rimi a Kano daga 1979 zuwa 1983, da Abba Musa Rimi wanda ya karɓi Kaduna a 1981 bayan majalisa ta tsige Balarabe Musa. Ba 'yan gida ɗaya ba ne, kowa Riminsa dabam. Ɗalibai suna yawan haɗa su a jarrabawa, kamar yadda suke haɗa Abba Kyari uku: sojan da ya yi gwamnan Arewa ta Tsakiya a nan Kaduna daga 1967 zuwa 1975, da shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa da ya rasu a watan Afrilun 2020, da jami'in 'yan sanda. Sarauta kuma tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Nuhu Bamalli, wanda kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya ke ɗauke da sunansa, Magajin Garin Zazzau ne; ɗansa Ahmed Nuhu Bamalli ma ya riƙe wannan sarauta kafin ya zama Sarkin Zazzau a 2020. Wanda ya ba ka saƙo da sunan sarauta kaɗai, Galadima ko Madaki ko Wakili, ka tambaye shi na wane gari, kuma wa ke riƙe da ita yanzu.

Malamin Tasha:

Hajiya ta cike abin da na bari, Allah ya saka. Ƙari ɗaya a kan Unguwar Rimi, tunda ta ambace ta: ban da ta cikin Kaduna akwai wata a kudancin jihar wajen Kafanchan, kuma ta cikin garin ma akwai ɓangaren GRA akwai cikin unguwa, kuɗin keke ba ɗaya ba ne. In kayan ta gidan waya za su bi, lambar yanki tana taimakawa: ta garin Kaduna da 800 take farawa, ta Zariya da 810, ta birnin Kano da 700. Wanda ke da babbar waya kuma ya turo maka lokeshan yana tsaye a ƙofar gidan, ba daga wurin aikinsa ba, ka ajiye shi tare da lambar rasit ɗinsa don aike na gaba.